Babi na Biyar: Mikin Ƙuruciya da Labarin da Mutum Yake Ba Kansa

Mikin zuciya, a ma'anar da masana halayyar ɗan Adam suke ba shi, shi ne tabon da wani abin firgici ko wata doguwar wahala take bari a cikin mutum bayan ta wuce, har jikinsa da tunaninsa su ci gaba da zama cikin shirin gudu ko kare kai alhali haɗarin ya daɗe da gushewa. Hausawa sun ga wannan tun kafin a ba shi suna a littattafan likitanci, shi ya sa suke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai saran da ya sami mutum yana yaro ya sha bamban da wanda ya same shi da gemu, domin babba ya san akwai fari, akwai talauci, akwai mugunta a cikin mutane, yana da abin da zai auna masifar da shi, yaro ɗan shekara shida kuwa ba shi da ma'aunin da ya wuce kansa. Idan aka raba shi da uwarsa, ko ƙanensa ya mutu a gabansa, ko wani babba ya ci zarafinsa, bayanin da ya fi kusa da hankalinsa shi ne cewa shi ne sanadi: ko dai ya yi laifi, ko ba a son sa, ko kuwa da baƙin jini aka haife shi. Wannan bayani na yaro shi yake daskarewa ya zama labarin da mutum yake ba kansa game da kansa, kuma sau da yawa labarin yakan fi abin da ya faru daɗewa yana ciwo. Abin da ya faru ba mai iya sauya shi, amma labarin yana karɓar gyara.

Ƙasar da za a duba al'amarin a cikinta ita ce Waca da kewayenta, a kudancin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Waca tsohuwar sarauta ce daga ƙasashen Sosebaki, tare da Dungas da Mirya, waɗanda daular Damagaram ta haɗiye a ƙarni na 19, a tsarin mulkin yau kuma ƙaramar hukuma ce a gundumar Magariya, tana iyaka da gundumar Dungas wadda aka yanke daga Magariya a 2011. Yanki ne na manoman hatsi da dawa da wake da gyaɗa, da masu lambun rake da rogo a fadamun Korama, kuma yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar, abin da ya sa gona take ƙanƙancewa daga uba zuwa ɗa, rumbu kuma yake ƙarewa a gidaje da dama tun kafin sabon hatsi ya nuna. Iyakar Najeriya tana kusa ta wajen Babura da Maigatari, saboda haka tafiya cin rani da tafiya karatun allo zuwa ƙasar Kano da Jigawa sun zama ɓangare na rayuwar gida. Galibin mikin ƙuruciya a irin wannan ƙasa daga cikin zaman yau da kullum yake fitowa, daga yunwa da cuta da rabuwa, kuma saboda kowa ya ga irinsa a gidansu, ba kasafai ake lissafa shi a cikin abubuwan da suke bukatar magani ba.

Yunwar 2005 ita ta jawo hankalin duniya ga tamowa a jihohin Maradi da Damagaram, kuma a wannan shekara ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar ta sanar da cewa a watan da ya gabata yara kimanin 10 ne suke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, yawancinsu daga zazzaɓin cizon sauro da tamowa, cututtuka biyu da suke haɗuwa a tsakiyar damina. Ana ƙirga yaran da suka rasu da waɗanda aka sallama, amma ba a ƙirga yayyensu, wato yarinyar da aka bar wa gida da ƙanne makonni biyu ko uku uwa tana jinya, ko yaron da ya ga an dawo da zane babu goyo. A gundumar Kance, maƙwabciyar Magariya, hanyar neman abinci ta miƙa har Aljeriya, inda mata suke tafiya bara da yara. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar ƙasar, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Sai kuma rabuwar da al'ada ta yarda da ita: yaron da aka danƙa wa malami yana ɗan shekara bakwai ya tafi garin da bai san kowa ba, da agolan da ya bi uwarsa gidan wani miji, da 'yar riƙon da ta tashi tana aikin gida alhali 'ya'yan masu gida suna lakwal, da yarinyar da aka kai ɗakin miji ba ta gama girma ba, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata suna yin aure kafin shekara 18. Karatun allo da riƙo sun fitar da mutanen kirki masu yawa, kuma akwai malamai da mariƙa da suka riƙe amana fiye da iyayen da suka haifa. Wannan gaskiya ba ta soke ɗaya gaskiyar ba, cewa yaron da ya kwana da yunwa a zauren wani, ya sha bulalar gardi, yakan yanke wa kansa hukuncin cewa da yana da daraja a gidansu da ba a kawo shi nan ba.

Binciken da ya fi shahara a kan abin da irin wannan yake jawowa an yi shi ne a birnin San Diyego na Amurka tsakanin 1995 da 1997, ƙarƙashin likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, inda aka tambayi manya fiye da 17,000 abin da suka gani a ƙuruciya, aka kwatanta da lafiyarsu. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka haɗu da nau'i huɗu ko fiye na wahalar gida, kamar duka da cin zarafi da ganin ana dukan uwa, haɗarin da suke ciki na shaye-shaye da ciwon baƙin ciki da yunƙurin kashe kai ya ninka na sauran sau 4 zuwa 12, kuma ciwon zuciya da na huhu da na hanta ma sun fi yawa a cikinsu. Mutanen da aka bincika masu rufin asiri ne, ba a tambaye su yunwa ko mutuwar ƙane ba, don haka ba za a ɗauki alƙaluman a ɗora wa Waca kai tsaye ba. Darasin da ya tsallako teku shi ne cewa wahalar ƙuruciya tana bin mutum har cikin jikinsa, kuma alƙaluman na haɗari ne kawai, domin da yawa daga cikin waɗanda suka sha wuyar sun tashi lafiya.

Dalilin da ya sa ba da labari yake da tasiri a kan wannan miki yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take ajiye abin firgici. Masanan jami'ar Konstanz ta Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, sun raba tuni gida biyu. Akwai tuni mai sanyi, wanda ya ƙunshi wuri da lokaci da jerin yadda abu ya faru, wato a wane gari, a wace shekara, me ya zo kafin me. Akwai kuma tuni mai zafi, wanda ya ƙunshi wari da sauti da bugun zuciya da tsoron da aka ji. A abin da ya faru cikin kwanciyar hankali, biyun a ɗaure suke, mutum yana tunawa kuma ya san abin ya wuce. A lokacin firgici kuwa, mai zafin yakan kafu da ƙarfi, mai sanyin ya tarwatse, sai ya zama warin wani magani ko kukan jariri da tsakar dare ya tayar da tsoron gaba ɗaya, ba tare da wata alama da za ta gaya wa jiki cewa wannan na shekara ashirin da suka wuce ne ba. Wanda yake cikin wannan hali abin yana sake faruwa gare shi ne duk lokacin da aka taɓa shi. Aikin labari shi ne ɗaure kowane tsoro a turkensa na wuri da lokaci.

A nan ne al'adar Bahaushe take da hannu biyu, ɗaya yana rufe baki, ɗaya yana buɗewa. Yaro yana tashi ana koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kunya kuma tana hana uwa nuna wa ɗan fari ƙauna a fili, har ta ƙi kiran sunansa, sa'an nan idan aka yi rasuwa, kalmar da kowa yake kawowa ita ce haƙuri, kuma da wuya a tuna a yi wa yaro ɗan shekara bakwai gaisuwa ko a zaunar da shi a gaya masa abin da ya kashe ƙanensa. Kunya da haƙuri ginshiƙai ne na mutumin kirki, sun riƙe gidaje a shekarun da babu abin da zai riƙe su, kuma wanda ya zo daga waje yana kiran su cuta bai san ƙasar ba. Kuskuren yana wurin da aka mayar da haƙuri ya zama shiru. Alƙur'ani ya siffanta Annabi Yaƙub, aminci ya tabbata a gare shi, da kyakkyawan haƙuri, kuma a cikin Suratu Yusuf ya nuna shi yana ambaton ɗansa da ya ɓata shekara da shekaru, idanunsa sun yi fari don baƙin ciki, yana kai kukansa ga Ubangijinsa. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, ya ziyarci kabarinta yana babba ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Wanda ya ce wa maraya ya haɗiye maganarsa da sunan addini, ya ɗora masa abin da addinin bai ɗora ba.

Hannun da yake buɗewa yana bayyana tun daga sunaye. Bahaushe yakan rubuta tarihin yaro a cikin laƙabinsa: Audi shi ne wanda aka haifa bayan rasuwar ubansa, Talle maraya ne tun yana ƙarami, Ajuji kuwa ɗan wabi ne, wanda yayyensa suka yi ta mutuwa, aka yi kamar an yar da shi a juji don mutuwa ta raina shi ta wuce. Mai irin wannan suna yana yawo da labari guda da yake da fassara biyu, domin Ajuji zai iya jin cewa shi abin yarwa ne, zai kuma iya gane cewa an so shi ne har aka yi wa mutuwa dabara saboda shi, kuma fassarar da ya tashi da ita ta dogara ga wanda ya ba shi labarin da yadda ya ba shi. Haka jama'a suke yi wa shekarun masifa, su raɗa musu suna, kamar Kakalaba ta wajen 1914 da El Buhari ta 1984. Da zarar yunwa ta sami suna, ta zama abin da ya zo ya sami kowa a shekara kaza, ta daina zama gazawar wani magidanci shi kaɗai.

Masanin Amurka Dan McAdams, wanda ya daɗe yana tattara tarihin rayuwar mutane daga bakinsu, ya nuna cewa daga ƙarshen samartaka mutum yakan fara saƙa abubuwan da suka same shi su zama labari guda da yake gaya masa ko shi wane ne, kuma masu labarin da alheri kullum yake ƙarewa da ɓaci sun fi zama cikin damuwa a kan masu labarin da wahala take kaiwa ga wani abu mai amfani. Wani ɗalibinsa, Jonathan Adler, ya bi masu neman magani mako bayan mako yana sa su rubutu, a 2012 ya ba da rahoton cewa sukan fara bayyana kansu a matsayin masu yin wani abu a cikin labarinsu kafin sauƙi ya bayyana a jikinsu. Michael White na Ostireliya da David Epston na Niyu Zilan, waɗanda littafinsu na 1990 ya kafa hanyar magani ta labari, sun ɗora aikinsu a kan raba mutum da matsalarsa, a riƙa maganarta kamar baƙuwar da ta shigo gida. Abin lura shi ne harshen Hausa ya riga ya yi wannan rabon a wajen ciwon jiki: zazzaɓi yana kama mutum ya sake shi, yunwa tana kama shi, tsoro ma kama shi yake yi. A wajen hali ne harshen yake liƙa wa mutum abin a jiki, a ce wane ɓarawo ne, wance mai farar ƙafa ce, yaron nan ba ya ji. Rabin aikin gyaran labari a Hausa shi ne mayar da magana daga siga ta biyu zuwa ta farko, a bar cewa almajirin nan ɓarawo ne, a ce yunwa ta kama shi yana ɗan shekara takwas har ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Misali zai fi nuna yadda abin yake, kuma misalin ba na wata mace guda ba ne, domin irinsa yana da yawa a ƙauyukan yankin. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, uwarta ta ɗaura mata ƙanenta a baya ta tafi gona, jaririn yana da zazzaɓi, kafin azahar ta ji jikinsa ya saki, kansa ya langaɓe a kafaɗarta. Cikin ruɗanin da ya biyo baya wani babba ya daka mata tsawa ya ce ita me take yi, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar. Yau tana da shekara talatin da 'ya'ya huɗu, ba ta barci duk daren da ɗanta ya yi zafi, tana dukan babbar ɗiyarta a kan ƙaramin sakaci, kuma a cikin ranta labarin jimla ɗaya ce: ita ta kashe shi. Ranar da ta iya furta wannan ga ƙanwar ubanta, tsohuwar ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, sai ta tambaye ta: "Ɗiyata, shekarunki nawa a lokacin?" Ta ce: "Bakwai, Gwaggo." Tsohuwar ta nuna yarinyar da take tsakar gida tana wasa da ƙasa ta ce: "Ga taki can, bakwai gare ta. In aka ba ta jariri marar lafiya ya cika a bayanta, za ki ce ita ta kashe shi?" Daga nan ta shiga kawo abin da yarinya ba za ta iya sani ba: cewa rumbu ya ƙare a wannan shekara tun kafin shuka, nonon uwar ya ƙafe, yaron ya fi mako biyu yana ciwo, likita kuma tafiyar rabin yini ce a amalanke, ga shi babu kuɗin amalanken. Ta kuma tuna mata abin da ita kanta ta manta, cewa da gudu ta isa gonar, goyon yana bayanta, ƙaya ta cika mata ƙafa, har sai da aka zauna aka cire mata da allura da daddare.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da gwaggon ta faɗa, kuma jaririn bai dawo ba. Abin da ya sauya shi ne an mayar da laifi inda yake, wato ga yunwa da cuta da nisan likita, an sa wa abin shekara da wuri, an kuma dawo da wani yanki na gaskiya da tsohon labarin ya zubar saboda bai dace da hukuncin da yarinyar ta yanke wa kanta ba. White yana ba irin wannan yanki muhimmanci ƙwarai, domin a kansa ake gina sabon labari: yarinyar da ta yi gudu a kan ƙaya don ta ceci ƙanenta ita ce matar da take kwana zaune a kan ɗanta, kuma abin da ta ɗauka alamar laifi ce, asalinsa riƙon amana ne da aka ɗora mata kafin ƙarfinta ya kai.

Masanan Konstanz sun mayar da wannan aiki tsari da za a iya koyarwa. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ɗaya ranar haihuwa ne, ɗaya bakin a bar shi a naɗe domin kwanakin da ba su zo ba. Mai labarin yana bin igiyar yana ajiye dutse a duk inda wani abin tsoro ko baƙin ciki ya same shi, fure kuma a duk inda ya ga alheri, kowanne a ba shi suna da shekara. A zaman da suke biyo baya ana bin rayuwar daga farko, idan aka iso kan dutse sai a rage sauri, a tambayi abin da ya gani da abin da ya ji a jikinsa a ranar, da abin da yake ji yanzu yana faɗa, har tsoron ya hau ya sauka shi yana zaune lafiya a gaban wani. Mai sauraro yana rubutawa, yana karanta masa a zama na gaba ya gyara, a ƙarshe a ba shi takardar ta zama tasa. A gwajin da aka yi da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imvepi na Yuganda, wanda aka wallafa a 2004, bayan shekara guda kashi 29 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka yi zama huɗu ta wannan hanya suke da ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa nasiha da lallashi kawai kashi 79 suna nan da shi. A 2011 aka wallafa wani gwajin da matasa 85 da 'yan tawaye suka taɓa sacewa suka sa su yaƙi a arewacin Yuganda, kuma waɗanda suka gudanar da zaman mutanen gari ne da aka horar, ba likitoci ba.

Ƙasar Damagaram tana da nata tsohon misali. Dorugu, wanda aka haifa a ƙauyen Dambanas kusa da Kance wajen 1840, an kama shi bawa yana yaro, aka bi da shi ta birnin Zinder har Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan ya ƙetare hamada da shi zuwa Ingila a 1855, a can kuma ya zauna da J. F. Schön yana ba shi tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne tsarin labarin: ya fara daga gidansu da iyayensa, ya bi ta kan kamu da ciniki, ya wuce su, har yaron da aka yi wa kuɗi a kasuwa ya zama shi ne mai kallo, yana bayyana wa Hausawa yadda Turawa suke zama a teburin cin abinci. Bauta ta zama zango ɗaya a cikin tafiya mai tsawo, kuma mai tafiyar ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa. A zamanin nan, Aisha Maki, 'yar Zinder mai shirya fim, ta yi irin wannan a fim ɗinta na 2016 a kan rashin haihuwa, inda take magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa, ta haɗa rashin da ta yi tana ƙarama da gorin da ake yi wa matar da ba ta haihu ba, ta faɗe su da bakinta a gaban duniya.

Malaman tafsiri sun daɗe da lura da wani abu a ƙarshen Suratu Yusuf, cewa lokacin da Annabi Yusuf ya taƙaita rayuwarsa a gaban iyayensa da 'yan'uwansa, ya ambaci fitarsa daga kurkuku, bai ambaci rijiya ba. Sai dai wannan ya zo ne bayan ya tambayi 'yan'uwan nasa a fili ko sun san abin da suka yi masa, su kuma suka amsa laifinsu, kuma a lokacin yana da iko, ba mai iya sake jefa shi ko'ina. Wannan jeri yana da muhimmanci, domin babban haɗarin maganar gyaran labari shi ne a mayar da ita hanyar rufe zalunci, a ce wa wadda aka ci zarafinta ta yafe tun ba a yarda an yi mata laifi ba, ko a ce wa almajiri wahalar da ya sha ita ta sa ya zama mutum, saboda haka ya gode. Likitar Amurka Judith Herman, a littafinta na 1992, ta sa aminci a matakin farko na warkewa, kafin tunawa da makoki, kafin komawa cikin jama'a, kuma gaskiyarta a bayyane take: yaron da har yanzu ake duka, a tsayar da dukan shi ne maganinsa, yarinyar da take kwana da yunwa kuma abinci take bukata kafin igiya da furanni. Tilasta wa mutum ya amayar da abin da ya gani a zama guda, jim kaɗan bayan faruwarsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa. Wanda kuma ya kai ga daina ci da barci, ko jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa, wurin likita za a kai shi ba tare da jinkiri ba, ko da ana yi masa addu'a da rubutu a gida.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu a Yamai suke, saboda haka duk tsarin da ya jira sai ƙwararre ya zo Waca ko Dungas bai fara ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakunan shan magani suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sauƙi na zahiri ga waɗanda suka zauna da su. Ncazelo Ncube, ita ma 'yar Zimbabuwe, ta fito da hanyar da marayu suke zana rayuwarsu a siffar itace, saiwa ta zama asali da kakanni, gangar jiki abin da yaro ya iya, rassa burinsa, ganye mutanen da suka tsaya masa, sai an gama wannan a taɓo maganar guguwar da ta kaɗa itacen. Manoman Magariya da Matamaye da Mirya, waɗanda suka mayar da gawo cikin gonakinsu ta hanyar kare tohon da yake fitowa daga kututture da saiwa maimakon sare shi, ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane wannan zane. Masu aikin ma suna nan: ungozoma, da matan da suke auna damtsen yara a ƙauye, da malamin da tsoffin almajiransa suke zuwa gaishe shi suna cewa Allah gafarta Malam, da kakar da take da wasa da jika, wadda al'ada ta ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya faɗa ba. Abin da suke bukata shi ne horo a kan yadda ake tambaya, da riƙe sirri, da sanin lokacin da za a tura mutum likita.

Yaran da aka goya zuwa Magariya a 2005, da yayyensu da aka bar wa gida, yau sun haura shekara ashirin, da yawansu suna renon nasu 'ya'yan da labarin da suka ƙulla wa kansu tun ba su san komai ba. Gwaggonni da kawunnai da kakannin da suka san abin da yake cikin rumbu a wannan shekara, suka san wanda ya yi gudu da wanda ya ba da lomarsa, da yawansu suna raye. A je a tambaye su tun suna nan, su kuma in an tambaye su, su faɗa.